Lissafin Dalma Cikin Iska da Haƙƙin Maƙwabcin da Ba a Sani Ba

  

Akwai wata tambaya da malaman kimiyyar sinadarai kan bai wa ɗalibai su tafi da ita gida su yi. Akan ce da ɗalibi: ga yawan iskar da babban mutum yake shaƙa kowace rana, ga kuma yawan dalmar da ke cikin iskar wani birni mai hayaƙi, to, a lissafa nauyin dalmar da za ta zauna a huhun mutumin cikin shekara guda. Manufar malami ita ce yaro ya ƙware wajen juya awo daga lita zuwa kubik mita, daga giram zuwa ƙananan rabe-rabensa. Yaro kan zauna bayan sallar isha'i ya ninka, ya raba, ya ja layi biyu ƙarƙashin amsa, gobe a ba shi maki. Amma wanda ya tsaya ya dubi wannan amsa da idon basira zai iske cikinta wata mas'ala mai nauyi da ta shafi haƙƙin bayin Allah, wadda ta cancanci a warware ta a wannan fili.

Ga yadda lissafin yake

A ƙaddara mutum yana shaƙar lita 10,000 na iska a yini da dare, watau kubik mita 10, tun da kowace kubik mita lita 1,000 ce. A ƙaddara kuma cikin kowace kubik mita ta iskar wannan birni akwai maikirogiram 8 na dalma. Maikirogiram shi ne kashi ɗaya idan an raba giram gida miliyan. Ke nan mutumin yana jawo maikirogiram 80 kowace rana, a shekara kuwa 29,200. Sa'an nan tambayar takan ce kashi uku cikin huɗu na wannan ƙura ne yake da laushin da zai iya kutsawa can cikin huhu, watau 21,900, kuma rabin wannan ne yake maƙalewa, sauran ya fita da numfashi. Abin da ya rage shi ne maikirogiram 10,950, kimanin miligiram 11.

Miligiram 11 bai kai nauyin ƙwayar shinkafa guda ba. Da za a ɗora shi a tafin hannu, da hurawa ɗaya ta isa ta ɓatar da shi. Wannan ne ya sa ɗalibi kan yi murmushi ya ce ashe abin bai taka kara ya karya ba. Amma da ya ƙara layi ɗaya, ya ninka amsar da mutum miliyan guda mazauna birnin, da ya sami kilo 11 na guba da aka rarraba cikin ƙirazan mutane a shekara ɗaya, ba wanda aka nemi izninsa, ba wanda aka ba haƙuri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada dalmar da ke cikin iska ta wuce rabin maikirogiram a kubik mita idan an daidaita shekara, ke nan iskar da ke cikin wannan tambaya ta ninka haddin sau 16.

Abin da alƙalamin lissafi bai nuna ba shi ne inda dalmar take tafiya. Jiki ba shi da wani amfani da ita ko kaɗan. Idan ta shiga jini sai jiki ya ɗauke ta tamkar sinadarin kalsiyam da yake gina ƙashi da shi, ya kai ta ƙasusuwa da haƙora ya ajiye. A jini takan ragu da rabi cikin kamar wata guda, amma a ƙashi takan yi shekaru gommai. Mace mai ciki kuwa, sa'ad da jikinta ya ɗebo kalsiyam daga ƙashinta don gina ɗan tayi, sai dalmar da ta shaƙa tun tana budurwa ta biyo shi zuwa ga abin da ke cikinta. Ga manya takan jawo hawan jini da ciwon ƙoda da ƙarancin jini. Ga yara ƙanana ɓarnar ta fi muni, gama ƙwaƙwalwarsu tana kan ginuwa, hanjinsu kuma yana tsotse dalmar da suka haɗiya ninki huɗu ko biyar fiye da na babba, ga su kusa da ƙasa inda ƙura take sauka, ga hannu kullum a baki. Likitoci sun tabbatar babu wani gwargwado na dalma a jinin yaro da za a ce ba ya cutarwa, kuma abin da ta rage na kaifin fahimta ba ya dawowa.

Yadda dalma ta shiga iska

A shekarar 1921 wani injiniya a Amurka, Thomas Midgley, da ke aiki da kamfanin motoci na General Motors, ya gano cewa idan aka zuba wani haɗin dalma cikin fetur, injin mota yakan daina ƙara da bugawa, ya ƙara ƙarfi. A 1923 aka fara sayar da irin wannan mai. Tun zamanin Rumawa an san dalma guba ce, shi kansa Midgley sai da ya ɗauki hutu a 1923 don jinyar gubar da ta kama shi. A watan Oktoba na 1924 ma'aikata biyar suka mutu a wata matatar mai a jihar New Jersey bayan hankalinsu ya gushe, wasu da dama aka kwantar da su asibiti. Duk da haka, a ƙarshen wannan wata Midgley ya tsaya gaban 'yan jarida ya zuba sinadarin a hannunsa, ya shaƙi tururinsa, don ya nuna wai babu komai. Masana irin su likita Alice Hamilton sun yi gargaɗi a 1925 cewa za a watsa guba a kowane titi, aka dakatar da sayarwa na ɗan lokaci, amma a 1926 aka ci gaba.

Haka duniya ta yi shekaru kusan hamsin kowace salansa tana fesa dalma. A 1965 wani masanin duwatsu, Clair Patterson, wanda shi ne ya auna shekarun duniya ta hanyar dalmar da ke cikin duwatsun da suka faɗo daga sama, ya bayyana cewa dalmar da ke jikin mutanen zamaninsa ta ninka ta asali kamar sau ɗari. A 1979 likitan yara Herbert Needleman ya wallafa bincikensa, wanda a cikinsa ya tattara haƙoran famfara na 'yan makaranta sama da dubu biyu a kewayen birnin Boston, ya iske waɗanda haƙoransu suka fi dalma su ne suka fi rauni a gwajin fahimta, su ne kuma malamansu suka fi kuka da rashin natsuwarsu. Amurka ta riƙa rage dalmar fetur tun daga shekarun 1970, ta haramta ta ga motoci a 1996, kuma tsakanin 1976 da 1991 dalmar da ke jinin mutanenta ta ragu da kashi 78 cikin 100. Ƙasashen Afirka na kudu da Sahara suka yi alkawari a Dakar a 2001, suka daina a farkon 2006. Aljeriya ce ta ƙarshe, a 2021. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa wannan hani yana tsare rayuka fiye da miliyan 1.2 daga mutuwar wuri kowace shekara.

To, ga tambaya: wannan ɓarna da ta yi shekara ɗari tana gudana, a wuyan wa take? Direban da ya wuce ta wani titi bai san yaron da ya shaƙi hayaƙinsa ba, yaron ma bai san shi ba. Babu alƙalin da zai iya cewa ga motar da ta rage wa wane basira. Shin cutar da aka raba ta tsakanin mutane miliyan har rabon kowa ya zama ƙura, ta tashi daga zama zalunci ke nan? Uzuri uku ake kawowa a nan, ya kamata a auna kowanne.

Uzuri na farko: ƙanƙanta

Mai wannan uzuri yana cewa abin da ya fito daga motarsa bai kai a ambata ba. Gaskiya ne bai kai a gani ba, amma Alƙur'ani mai girma, a ƙarshen Suratuz Zalzala, ya sanar da cewa ma'aunin ranar hisabi yana kama aikin da bai fi nauyin zarra ba, na alheri ko na sharri. Malamai sun daɗe suna gargaɗi game da ƙananan laifuffuka da mutum ke rainawa, waɗanda suke taruwa kamar yadda matafiya ke tara itace ɗaya ɗaya har wuta ta kama. Hausawa ma sun ce da yayyafi kogi kan cika. Lissafin ɗalibin nan ya ƙarfafa wannan magana da alƙaluma, domin dalma ba ta narkewa ta ɓace, ta bara tana nan a ƙashi ta bana ta same ta.

Har ila yau, ba da nauyin abu kaɗai ake auna girman cuta ba, ana duban abin da ya taɓa. Malaman usulu, irin su Imamu Gazali da Imamu Shaɗibi, sun bayyana cewa shari'a ta zo ne don kiyaye abubuwa biyar: addini, rai, hankali, zuriya da dukiya. Dalma tana taɓa uku daga ciki kai tsaye, rai da hankali da zuriya. An haramta giya domin tana rufe hankali na wasu sa'o'i, alhali mashayi shi ya zaɓa, kuma gari na wayewa yakan farka. Ina ga abin da yake rage hankalin jinjiri har ƙarshen rayuwarsa, shi kuwa bai zaɓa ba, bai ma san an yi ba?

Uzuri na biyu: yawan masu yi

Wani zai ce ko ya daina, dubbai ba za su daina ba, saboda haka rabonsa ya narke cikin na jama'a. Imamu Malik ya kawo cikin Muwaɗɗa cewa Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi ya zartar da ƙisasi kan wasu mutane da suka haɗu suka kashe mutum guda, ya kuma nuna cewa ko da mutanen birnin San'a'a duka ne suka taru a kan kisan, da hukuncin ya hau kansu. Lalle ba a cewa mai tuƙa mota daidai yake da mai kisan ganganci, tsakaninsu akwai nisa ƙwarai. Abin ɗauka cikin wannan hukunci shi ne asali guda: tarayya ba ta shafe laifi. Da tana shafewa, da duk mai son zalunci ya nemi abokai. Akwai kuma misalin nan sananne da Imamu Buhari ya ruwaito, na mutanen da ke cikin jirgin ruwa, na ƙasa suka so su huda wurin zamansu don su ɗebi ruwa. Iskar gari ita ce wannan jirgi, kowa yana ganin gurbinsa kawai yake hudawa, amma nutsewa ta kowa ce.

Malaman Malikiyya ba su bar wannan a matsayin wa'azi kawai ba. A ƙarni na 14 na Miladiyya wani magini masanin fiƙihu a Tunis, Ibnur Rami, ya rubuta littafi kan hukunce-hukuncen gine-gine, inda ya tattara fatawoyi game da hayaƙin gidajen burodi da na gidajen wanka, da warin majema, da lokacin da alƙali zai hana mai sana'a don kare maƙwabta. Dogaronsu shi ne hadisin da ya hana cuta da cutarwa, wanda yake cikin Muwaɗɗa, yake kuma cikin Arba'una na Imamu Nawawi. Bambancin kawai shi ne a zamaninsu maƙwabci yana ganin hayaƙin ya kai ƙara. Dalma kuwa ba ta da wari, ba ta da launi a iska, kuma maƙwabcin da take cuta yana iya zama a wata unguwa, ko ma ba a haife shi ba tukuna. Ɓoyuwar cuta ba ta rage haƙƙi, sai dai ta ƙara nauyi a kan wanda ya sani.

Uzuri na uku: rashin sani da larura

Wannan shi ne uzurin da yake da ƙarfi, kuma adalci ne a karɓi abin da ke cikinsa na gaskiya. Direban lori a 1975 bai san abin da ke cikin man da ya saya ba, ko da ya sani ma babu wani mai a kasuwa, ga iyali suna jiran abinci. Motar nan ita ce ta kai majinyaci asibiti, ta kai hatsi kasuwa, ta kai alhazai filin jirgi. Shari'a ba ta kama mutum da abin da bai sani ba, ba ta kuma ɗora masa abin da ba zai iya ba. Saboda haka ba daidai ba ne a raba alhakin nan daidai wa daida.

Malaman fiƙihu sun bambanta tsakanin wanda ya aikata ɓarna da hannunsa da wanda ya zama sanadinta, suka kuma ce idan mai aikatawa ya zama tamkar makami a hannun wani, ko an yaudare shi, to, lamuni yana komawa kan mai sanadi. Bisa wannan, alhakin ya kasu daraja uku. Mafi nauyi yana kan waɗanda suka san gubar, suka ga gawawwakin ma'aikatansu, sa'an nan suka kwantar wa jama'a da hankali don riba. Wannan algus ne, ya haɗa ɓoye aibin haja da ɓoye ilimi. Na biyu yana kan masu mulki da aka kai wa gargaɗi suka yi jinkiri, domin talaka ba shi da na'urar auna iska, hukuma ce idonsa, kuma ƙa'ida ce sananniya cewa tunkuɗe ɓarna yana gaba da jawo amfani. Abin lura ne cewa shekara goma ta shiga tsakanin hanin Amurka da na Afirka, alhali ilimin ɗaya ne, huhun yaran ma ɗaya ne. Na uku, mafi sauƙi, yana kan mai amfani, kuma yana farawa ne daga ranar da ya sani ya kuma sami yadda zai yi.

Akwai masu fakewa da ƙaddara su ce ciwo da lafiya na Allah ne. Haka ne, babu shakka. Amma sa'ad da Sayyidina Umar ya nufi Sham ya sami labarin annoba, juyawa ya yi da jama'arsa, ya kuma bayyana wa wanda ya yi masa inkari cewa komawar ma cikin ƙaddarar Allah take. Raguwar dalma a jinin mutane bayan an tsarkake fetur shaida ce cewa Allah Ya rataya wannan cuta ga sababin da ke hannun mutane.

Abin da ya rage a yau

Mai karatu zai iya cewa tun da an cire dalma daga man mota, zance ya ƙare, tambayar ɗalibi ta zama tarihi. Lalle iskar yawancin birane ta yi sauƙi daga wannan guba, abin godiya ne. Amma dalmar da ta sauka shekaru da dama tana nan cikin ƙasar bakin manyan tituna, kuma akwai wasu ƙofofi a buɗe. A 2020 asusun UNICEF tare da ƙungiyar Pure Earth suka ƙiyasta cewa kimanin yaro ɗaya cikin uku a duniya, wajen miliyan 800, yana da dalma a jini gwargwadon da ke bukatar a ɗauki mataki. Daga cikin manyan sababai akwai fasa tsofaffin batiran mota da narka dalmarsu a cikin unguwa, da fenti mai dalma, da niƙa duwatsun ma'adinai. A wata unguwa a gefen Dakar yara 18 suka mutu tsakanin 2007 da 2008 saboda sana'ar batir.

Ƙasar Hausa ma ta ɗanɗani wannan ɗaci. A 2010 ƙungiyar likitocin agaji ta MSF ta gano yara suna mutuwa a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum a Jihar Zamfara, irin su Dareta da 'Yargalma, daga baya kuma Bagega. Dutsen zinariyar da ake haƙowa yana ɗauke da dalma mai yawa, ana kawo shi cikin gida ana dakawa ana niƙawa, ƙura tana sauka a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Yara aƙalla 400 suka rasu. A 2015 irin haka ta auku a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja, yara 28 suka rasu. Iyayen nan neman halali suke yi, ba su san abin da suke shigowa da shi gida ba, Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya ba iyayensu haƙuri. Amma bayan an sani, wanda ya sake kafa injin niƙa dutse kusa da gidajen mutane ba shi da uzurin da na farko suke da shi. Haka mai narka batir a bayan makaranta, haka mai sayar da kwallin da aka yi da dutsen dalma yana kiransa ismidi, alhali iyaye mata suna ɗura shi a idon jarirai da niyyar bin sunna.

Saboda haka wajibai sun bayyana. Mai sana'ar da ke tayar da ƙurar dalma ya fitar da aikinsa bayan gari, ya sauya tufafi ya yi wanka kafin ya ɗauki ɗansa. Hukuma ta auna, ta sanar, ta hana, kada ta jira sai an fara haƙa ƙananan kaburbura. Limamai su sanya wannan cikin huɗuba kamar yadda suke sanya tauye mudu, domin wanda ya rage wa yaro basira ya tauye shi a abin da ya fi hatsi tsada. Malamin kimiyya kuma, idan ya ba da wannan tambaya, kada ya tsaya ga duba ko yaro ya sa ɗigo a gurbinsa. Ya ƙara masa minti biyar ya gaya masa ƙirjin wane ne ake lissafawa, da yadda aka yi dalmar ta isa can, da mutanen da suka yi shekaru suna faɗa kafin a saurare su. Ɗalibin da ya iya wannan lissafi ya riga ya fita daga sahun waɗanda ba su sani ba, gobe kuwa shi ne injiniya, shi ne mai duba masana'antu, shi ne wanda za a miƙa wa takarda ya sa hannu.

Allah Ya sanar da bayinSa abin da zai amfane su, Ya kiyaye su daga ɗaukar haƙƙin wanda suka sani da wanda ba su sani ba, Ya albarkaci zuriya da lafiya da hankali. Allah ne Mafi sani.